Allo da Buzu, Wata da Tauraro: Nazari a kan Tambarin Jami'ar Bayero

A garuruwan gabashin Kano, kamar Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga ɗakin wani malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya tarar da takardar shaidar digiri ta Jami'ar Bayero an sa ta cikin gilashi an rataye a bango. A jikin takardar akwai wani ɗan zane wanda galibin masu ita ba su taɓa tsayawa sun dube shi da kyau ba, watau tambarin jami'ar. Dalilin da ya sa aka fara da waɗannan garuruwa shi ne, a gidan da aka rataye takardar, sau da yawa in an fito zaure za a ga ainihin abubuwa biyun da aka kwaikwayi siffarsu wajen zana tambarin: ga allo jingine da bango, ga buzu shimfiɗe a ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce a warware sassan tambarin, a ga inda kowanne ya samo asali, sa'an nan a auna da'awar da yake yi. Domin kuwa kowane tambari da'awa ne, kuma da'awar wannan ita ce, jami'ar 'yar gida ce wadda ta tashi a zaure, ba baƙuwa ce da ta sauko daga jirgi ba.

Tambari da hatimi

Kalmar tambari a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce gangar nan ta sarauta mai siffar akushi, wadda ba a buga wa kowa sai sarki. Ta biyu ita ce alamar da hukuma ko kamfani ko ƙungiya ke bugawa a kan takardunta da kayanta. Ko da yake abubuwan biyu ba su yi kama a ido ba, aikinsu ɗaya ne, watau sanar da mai abu tun kafin a gan shi. Kafin zuwan Turawa, abin da ke yin wannan aiki a kan takarda shi ne hatimi. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na Shehun Barno a ƙarni na 19 suna ɗauke da hatimi, kuma abin da ke cikinsa rubutu ne zalla: sunan mai shi, wani lokaci tare da 'yar addu'a. Babu zaki, babu gaggafa, babu doki.

Al'adar Turai dabam take. A can, tun daga ƙarni na 12, mayaƙa suka riƙa zana alamu a jikin garkuwa domin a shaida su a fagen fama, daga baya birane da majami'u da jami'o'i suka ari garkuwar suka zuba nasu alamun a ciki. Jami'ar Oxford a Ingila ta sa buɗaɗɗen littafi a tsakanin kambuna uku, da wani zance na Latin da aka ciro daga Zabura. Jami'ar Harvard a Amurka ta sa littattafai uku. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 ita ma sai ta ɗauki garkuwa da take na Latin, ta Nsukka kuwa, wadda aka buɗe a 1960, ta zaɓi zaki. Buɗaɗɗen littafi ya zama ruwan dare, har ya kai ga kowace ƙaramar makarantar kuɗi a lungunan Kano tana da shi a aljihun rigar ɗalibanta, wani lokaci da alƙalami a gicciye, wani lokaci da fitila. Tambarin Bayero bai bi wannan turba ba. Ya fi kusa da hatimi, domin duk abin da ke cikinsa rubutu ne da aka lanƙwasa ya zama siffa.

Taƙaitaccen tarihin jami'ar

Ba za a fahimci wannan zaɓi ba sai an san inda jami'ar ta fito. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano domin horar da alƙalai, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A cikin harabar wannan makaranta, a birnin Kano, aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa kwalejin suna ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, domin tunawa da Sarkin Kano wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, ta kuma zama reshen sabuwar jami'ar. A 1964 ta ɗauki ɗalibanta na farko na digiri a wani mazauni na wucin gadi, tsohon otal ɗin filin jirgin sama, a ƙarƙashin shugabancin masanin nan na Sudan, Dokta Abdullahi el-Tayyib. Daga nan ta koma mazauninta na bayan ganuwa, daura da ƙofofin Kabuga da Dukawuya. A 1975 ta zama kwalejin jami'a, a 1977 kuma ta zama cikakkiyar jami'a ta Gwamnatin Tarayya, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Ke nan da Larabci da Nazarin Addinin Musulunci ta fara tafiya, kafin kimiyya da injiniya da likitanci su zo.

Allo

Bayanin da jami'ar da kanta ke bayarwa ya nuna cewa siffar da ta kewaye tambarin tana wakiltar abu biyu a lokaci guda: allon karatu, da jemammiyar fata irin wadda malamai ke zama a kai. Za a fara da allo.

Kalmar daga Larabci aka aro ta, kuma ta shigo tare da harafin nan na ma'arifa a manne da ita, kamar yadda ya faru ga alƙalami da alƙali da albasa. Sassaƙa shi ake yi daga itace mai ƙwari, an fi yabon na aduwa. Yana da kai wanda ake riƙewa, wasu kan sa a rufe kan da fata, ƙasansa kuma a gantsare yake domin ya zauna daram a cinyar yaro. Da alƙalamin gamba ake rubutu a kansa, da tawadar da aka haɗa da ƙaro. A kan wannan itace yaro ke koyon babbaƙu, sa'an nan farfaru, har ya fara haɗa baƙi. A kansa yake tashi daga kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, wanda Allah ya nufa kuma ya kai alaramma ko gwani. Ranar sauka, allo na musamman ake yi wa zayyana mai launuka a riƙa wa mai saukar.

Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin allo da littafi, domin a wannan bambanci ne ma'anar tambarin ta fi nauyi. Littafi ma'aji ne. Abin da aka rubuta a cikinsa yana nan ko an karanta ko ba a karanta ba. Allo kuwa ba ya ajiye komai. Ana rubutawa, a biya, a maimaita har karatu ya zauna, a kai wa malam ya saurara, in ya gamsu ya ba da izini a wanke. Ba a wanke allo sai abin da ke kansa ya koma ƙirji. Saboda haka tambarin da ya sa buɗaɗɗen littafi yana nuni ne ga ɗakin ajiye littattafai, wanda ya sa allo kuwa yana nuni ga ɗalibi da malaminsa da aikin da ke gudana tsakaninsu. Jami'ar da ta ɗauki allo ta ɗaura wa kanta wani ma'auni mai tsanani, ko ta lura ko ba ta lura ba: ilmin da ake tambaya shi ne wanda ya rage bayan an wanke. Malaman da suka saba duba takardun jarrabawa sun san yawan karatun da kan bi ruwa mako guda bayan an fito daga zauren jarrabawa.

Ga mutanen Gaya da Ajingi allo ba kayan tarihi ba ne da za a je kallo a Gidan Makama. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil da Gaya ita ce ke miƙewa zuwa Azare da Potiskum har Maiduguri, watau hanyar gabas, kuma a bakin gardawa zuwa gabas yana nufin zuwa Barno neman hadda. A Ajingi da Toranke da Balare da Gafasa, kamar sauran garuruwan karkarar Kano, da wuya a sami unguwar da ba a jin sautin karatun allo da asuba ko bayan magariba. Da yawa daga cikin 'ya'yan wannan yanki da suka kai jami'a da allo suka fara, tun kafin su san biro.

Buzu

Buzu fatar rago ce ko ta tunkiya wadda aka gyara aka bar gashinta, galibi ta ragon layya. (Kada a haɗa shi da Buzu na mutanen Azbin, kalmomi biyu ne da suka yi tarayya a rubutu.) A kansa ake salla, a kansa malami ke zama ya ba da karatu, almajirai kuwa a tabarma ko a ƙasa. Matafiyin malami yakan naɗe shi ya rataya tare da gafaka da buta, inda duk ya shimfiɗa shi makaranta ta kafu. In babban malami ya rasu, tambayar da ake yi ita ce wa zai hau buzu, watau wa zai gaji karantarwa, cikin 'ya'yansa ko cikin manyan almajiransa. Wannan ya yi daidai da abin da jami'o'in Turai ke kira kujerar farfesa, da kuma kursiyyin da manyan malamai ke hawa a masallacin Ƙarawiyyin na Fas. Sai dai kujera tana ɗaga mai ita sama da jama'a, buzu kuwa kaurinsa bai wuce yatsa ba. Malami da almajiri ido da ido suke, abin da ya raba su shi ne abin da ke kai.

Bayanin jami'ar ya ƙara da cewa fatar tana tunatarwa game da sana'ar jima da cinikin fatu da Kano ta shahara da su. Wannan gaskiya ne a tarihi. Majeman Kano, da bagaruwa da toka, sun daɗe suna fitar da fatar da fatake ke ratsa hamada da ita, har ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko saboda ta tashoshin can ta bi. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin birnin. Amma ya kamata a bambance: fatar da baduku ke yanka takalmi da ita an tuje gashinta, buzu kuwa da gashinsa ake barinsa. Tambarin ya haɗa fatar kasuwa da fatar zaure a siffa guda. Mai son kushe zai ce an cusa ma'ana biyu a buhu ɗaya. Mai duba tarihin Kano kuwa zai ga cewa haɗin ya dace, domin Wangarawan da Tarihin Kano ya ce sun zo zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, malamai ne kuma daga al'ummar fatake suka fito, kuma tun daga lokacin har yau attajiri ne ke ciyar da makaranta, malami kuma ke karantar da 'ya'yan attajiri. Hatta labarin kafuwar birnin da sana'a ya fara, tun da ana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya ya zauna a gindin Dala neman tama, shi ya sa ake kiran zuriyarsa Abagayawa.

In aka haɗa siffofin biyu, ma'anar ta fito sarai. Allo na ɗalibi ne, buzu na malami. Da zane guda an kawo ɓangarori biyun da in babu su babu makaranta, kuma ba a kawo gini ba, ba a kawo hula da alkyabbar yaye ɗalibai ba.

Jinjirin wata da tauraro

A cikin wannan siffa akwai jinjirin wata da tauraro, dukkansu da haruffan Larabci aka gina su. Rubutun da ya yi siffar wata shi ne sunan jami'ar, Jami'atu Bayero bi Kano. Wanda ya yi siffar tauraro shi ne takenta. Lanƙwasa rubutu ya zama siffa fasaha ce da ta kai matuƙa a wurin marubutan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, inda sa hannun sarki kansa, wanda suke kira tugra, zane ne na haruffa. A ƙasar Hausa 'yar'uwarta ita ce zayyana, wadda ake yi a allon sauka da kuma gefen shafukan Alƙur'ani rubutun hannu domin nuna izu da rubu'i da wurin sujada.

Sunan da ke cikin watan yana da ɗan abin sha'awa ga masu nazarin harshe. Kalmar jami'a saiwarta ɗaya da jama'a da Juma'a, duk suna komawa ga ma'anar tarawa. Bayero da Kano kuwa ba kalmomin Larabci ba ne, kuma suna ɗauke da wasulan e da o waɗanda rubutun Larabci na asali bai tanadar musu alama ba. Wannan ita ce matsalar da marubutan ajami suka daɗe suna fama da ita: suka ari ɗigon imala na ƙira'ar Warshu domin e, suka bar rufu'a ta ɗauki u da o gaba ɗaya. Duk wanda ya rubuta Kano da haruffan Larabci ya taka cikin ajami, ko da jumlar da ke kewaye da kalmar Larabci ce.

Game da wata da tauraro, akwai kuskuren da ya yaɗu, cewa alama ce ta Musulunci tun farkonsa. Ba haka ba ne. Daular Usmaniyya ce ta yayata ta a tutarta daga ƙarshen ƙarni na 18, daga can ƙasashe irin su Tunisiya da Pakistan da Aljeriya suka ɗauka, sa'an nan ta hau kan hasumiyoyin masallatai da allunan ƙungiyoyi ko'ina. Saboda haka, cikin sassan tambarin, wannan ne ya fi ƙuruciya, kuma shi ne ba a zauren malam aka samo shi ba. Duk da haka Bahaushe yana da tasa hanyar karanta shi. Da tsayuwar wata ake ɗaukar azumi, da ita ake ajiyewa. Jinjirin wata kuma abu ne mai girma kullum, wanda bai cika ba tukuna, siffar da ta dace da mai neman ilmi. Tauraron da kan fito kusa da shi da magariba Zara ake ce da ita, matar wata. Bugu da ƙari, sanin taurari fanni ne na malamai: sun raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, kuma a ƙasar noma irin ta Ajingi manomi yakan tambayi malam ko an shiga Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa ko Jabaha, domin ya san inda damina ta kwana. Tauraro a wannan al'ada abin shiriya ne da lissafi, ba ado ba.

Taken jami'ar

Taken an ciro shi ne daga ƙarshen aya ta 76 ta Suratu Yusuf, kuma abin da yake nufi shi ne, duk inda mai ilmi ya kai, akwai wanda ya fi shi sani. Yana da kyau a tuna mahallin da zancen ya zo. Wurin ne da ake ba da labarin dabarar da Annabi Yusuf ya yi domin ya riƙe ƙanensa a Masar, lokacin da aka binciki kayan 'yan'uwansa aka fitar da ma'aunin sarki daga jakar ƙanen. Yayyen sun zo da nasu sanin, har su ne suka faɗi hukuncin da za a yi wa wanda aka kama, ba su san akwai wani shiri da ya fi nasu ba. Gab da zancen da ya zama take, ayar ta ambaci ɗaukaka darajojin waɗanda Allah ya so. Ga jami'a wannan dacewa ce mai ban sha'awa, domin kalmar digiri a asalinta na Latin matakala take nufi, haka ma daraja a Larabci. Ana iya cewa makarantar da aikinta shi ne raba matakai ta zaɓi zancen da ke tunatar da cewa matakalar ba ta ƙare a hannunta ba.

Malaman tafsiri sun bayyana cewa fifikon nan jere ne: wannan ya fi wancan, wani kuma ya fi shi, har a tuƙe ga Allah wanda babu mai sani sama da shi. Wannan fahimta ita ce ginshiƙin tsarin karatun zaure. Ijazar da malami ke ba almajirinsa tana lissafa sunaye ne, wane ya karanta a wurin wane, har zuwa ga mawallafin littafi. Mai riƙe da ita yana ganin sunansa a ƙasan jerin, ba a sama ba. Labarin Annabi Musa da bawan Allah nan na cikin Suratul Kahfi, wanda malamai ke yawan kawowa in ana zancen girman kai a ilmi, shi ma a kan wannan batu yake. Bahaushe yana da karin magana mai kama da haka, gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Amma karin maganar gargaɗi ce ga mai ƙarfi cewa zai gamu da wanda zai kā da shi, taken kuwa ya fi haka faɗi, domin bayan ladabtarwa yana ba da dalilin ci gaba da bincike: in akwai wanda ya fi ka sani, to akwai sauran abin sani. Masanin kimiyyar da ya yarda cewa sakamakonsa na yau wani zai gyara gobe a kan wannan ƙa'ida yake aiki, ko da bai taɓa jin ayar ba. Sa zancen a cikin tauraro shi ma da gangan ne. Taurari ake kiran fitattun malamai, to ga shi an rubuta wa tauraro a jikinsa cewa akwai na sama da shi.

Akwai wata 'yar damuwa da ba za a tsallake ba. A makarantar allo ruwan wankin allo ba a zubar da shi inda aka ga dama, kuma takarda mai aya in ta faɗi ana ɗagawa a soke ta a jikin danga. Tambari kuwa aikinsa yaɗuwa: yana kan takardun wasiƙa da na jarrabawa, da kalanda, da riguna, kuma kowa ya san inda tsohuwar takarda kan ƙare a hannun masu ƙosai da tsire. Irin wannan la'akari ne ya sa Saudiyya ba ta sassauto da tutarta ƙasa-ƙasa don makoki, saboda kalmar shahada da ke jikinta. Lanƙwasawar da aka yi wa haruffan ta sa ba kowa ke gane cewa aya ce ba, wanda ta wani gefen sutura ce, ta wani gefen kuma ita ce ke sa a yi sakaci. Haka nan batun cewa jami'ar ta tarayya ce, tana da ɗalibai da malamai Musulmi da Kirista daga kowane sashe na Nijeriya. An ga yadda rubutun ajami a takardun kuɗi ya jawo muhawara, lokacin da aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga sabuwar naira 100 a 2014. Amsar da ta fi sauƙi ita ce ta Oxford, wadda ke ɗauke da zancen Zabura ɗaruruwan shekaru, kuma a yau tana karantar da mabiya kowane addini. Kuma ma'anar taken Bayero ba ta ware kowa ba.

Da'awar da bashin da ke bayanta

Saura tambaya mafi nauyi: shin jami'ar 'yar zaure ce kamar yadda tambarinta ya ce? Ta fuskar tarihi amsar rabi da rabi ce. Gaskiya ne ta tsiro daga Makarantar Nazarin Larabci, kuma da yawa daga malamanta na farko 'ya'yan malamai ne da suka yi zaure kafin su yi aji. Amma tsarinta na tsangayoyi da sassa da zangon karatu da jarrabawa daga Ingila aka ɗauko shi, ta hanyar boko wadda Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe wa makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Wani abin lura shi ne, da aka nemi kalmar Hausa da za a kira manyan rassan jami'a da ita, tsangaya aka ɗauko, sunan makarantar gardawa. An ari suna, an ari allo, an ari buzu.

Masu kayan da aka ara fa? Gwanin da ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, aikin da kan ci shekaru fiye da na digiri uku, ba ya da takardar da za ta shigar da shi ajin farko na jami'a, domin ƙofar tana neman sakamakon sakandare mai ɗauke da Ingilishi, da kuma jarrabawar hukumar JAMB wadda aka kafa a 1978. An yi ƙoƙarin buɗe wasu ƙofofi. Akwai jarrabawar Hukumar Nazarin Larabci da Addinin Musulunci ta Ƙasa ga ɗaliban makarantun Islamiyya, Jami'ar Bayero kuma ta kafa Cibiyar Nazarin Alƙur'ani. Gwamnatin Tarayya ta fara buɗe makarantun almajirai na zamani a 2012, a 2023 kuma aka yi dokar kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A tsakanin waɗannan shekaru biyu, a 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashi almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Allon da ke jikin takardar digiri abin alfahari ne, wanda ke hannun yaro a bakin titi kuwa an mai da shi alamar matsala, alhali itace ɗaya ne.

A tsarin makarantar allo daga ƙasa ake farawa, daga gajerun surori a yi sama zuwa Baƙara. Yaron da ke karatu a Toranke ko Balare ba zai iso Suratu Yusuf ba sai ya haura izu 35. In ya iso aya ta 76, da hannunsa zai rubuta ta, ya biya ta gaban malam a bakin buzu, ya maimaita har ta zauna, sa'an nan ya wanke. Ta haka ne ake da ɗimbin mutane a ƙasar Gaya da Ajingi waɗanda suka haddace taken Jami'ar Bayero, da abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, ba su kuwa taɓa shiga ƙofarta ta Kabuga ba.